Dutsen da Ya Yi Zazzaɓi

Shekara arba'in ina zarge tsakiya a Garwa,
rumfata ta uku daga masu tukwane,
ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani Binuwai ne,
shi ma in rani ya tsananta
yaro kan naɗe wando ya ratsa shi.

Murjani kuwa na san shi kamar haƙorina.
In na ɗora a harshe na gane:
na roba ɗumi gare shi,
na gaske sanyi, kamar gindin randa da asuba.
Uwata ta ce dutse ne,
na sayar wa mata a kan dutse ne.

Sai jikana Sallau ya zo babbar salla
daga wani gari a bakin Bahar Maliya,
inda yake nutso da tulun iska a baya
yana ƙirga abin da ba a ba shi kiwo ba.
Ya kama zaren wuyana yana juyawa,
ya ce, Kaka, wannan da rai gare shi.
Na ce karatu ya yi maka yawa, ci tuwonka.

Ya buɗe waya ya matso.
Ashe gari ne a ƙarƙashin ruwa!
Wasu gidajen kamar ƙahon barewa,
wasu kamar rumbu, wasu saƙar zuma,
kifi ja, kifi ɗorawa, kifi mai zanen atamfa
suna shige da fice kamar ranar kasuwa.
Ya ce naki na can cikin zurfi,
waɗannan danginsa ne masu shan hantsi.
Ga kuma soso, ba irin na kan danga ba,
wani kamar turmi, wani kamar ƙwarya,
yini yake yana shan ruwa yana tacewa
ba mai biyansa ko dala.

Ya ce wancan shekara huɗu ke nan. Ga bana.

Fari fat.
Kamar ƙashin da ya kwana bakwai bayan mahauta.
Na ce wa ya wanke shi haka?
Ya ce ba wanki ba ne, zafi ne.
Ruwan ya ƙara ɗumi kaɗan,
kaɗan ɗin da hannunki ba zai ji ba.
Akwai ɗan baƙo a jikinsa,
shi ke masa girki, shi ke masa rini;
da zafi ya dame shi sai ya kori baƙon,
ya zauna tsirara da yunwa.

Na yi shiru. Na san masu yin haka.

Ya ce ga laka tana gangarowa ta toshe hancin soso,
ga leda, ga baƙin mai,
ga ƙarfen jirgi da ake jefawa
ya rushe ginin shekara ɗari kafin a gama alwala.
Na ce to kifin fa?
Ya ce ke in rumfuna suka zube, kya zo kasuwa?

Bayan ya koma na sauka bakin kogi wanki.
Leda baƙa ta wuce ta gabana tana lilo.
Na tambayi wani mai kwale-kwale ina ruwan nan za shi.
Ya ce Yola, daga nan Lokoja,
daga nan sai inda ba a ganin gaɓa.
Na miƙa sanda ban kai ba.
Ta tafi abinta.

Jiya wata ta zo tayin murjani,
jaka goma, jaka sha biyu, albarka.
Ina riƙe da shi a tafin hannu
na manta da ita tsaye.
Ta ce Inna Kande, lafiya?
Na ce lafiya lau.
Bayan hannuna kawai na ɗora masa,
yadda nake yi wa goshin Sallau yana yaro,
in ji ko jikin ya sauka.