Ƙwan Zabi Goma Sha Biyu

Tun asuba na baro Gani,
motar 'yan kasuwa ta sauke ni a Wudil,
sauran na cinye da ƙafa,
'yar ƙwarya a hammata, ƙwan zabi kwance cikin ƙaiƙayi.

A ƙofar majami'ar kwaleji
wani yaro ya miƙo mini takarda.
"Tsarin sujada ne, Baba."
Na karɓa da hannu biyu.
Ban ce masa boko bai shigo gidanmu ba
sai ta kan Rifkatu.

A cocinmu tulun zumuntar mata ke fara magana,
ƙafa ta amsa tun baki bai buɗe ba.
Nan wani akwati ne mai haƙora fari da baƙi
yake nishi a hankali,
mawaƙa sanye da riguna iri ɗaya,
ba mai tafi, ba mai guɗa.
Su tashi, in tashi a makare.
Su zauna, a bar ni tsaye
kamar karan da girbi ya manta.

Sai aka kira sunanta, har da nawa a bayansa:
Rifkatu Nomau.
Ta hau mumbari, ta gyara abin magana,
yarinyar da ke kore mini tsuntsaye a gonar gero.
Da Turanci ta fara, na sunkuyar da kai,
sannan ta juyo da Hausa.
Ashe labarin mai shuka ne.
Na ce a raina, wane manomi ne wannan
mai zubar da iri a kan hanya?
Sai na tuna buhu nawa na sayar
na zuba a wannan hanyar ta Wudil,
maƙwabta suna cewa a kan dutse nake shuka.

Lokacin baiko jaka aka zagayo da ita,
ja, mai laushi, bakinta bai wuce ambulan ba.
Na dubi ƙwaryata. Na bar ta ta wuce.

Da aka tashi, Rabaran yana gaisawa a ƙofa,
ni na zagaya ta baya.
Wata tsohuwa na tattara littattafan waƙa,
zanen fuskarta irin na mutanenmu.
Na ce, "Iya, ina ake ajiye irin wannan?"
Ta leƙa, ta ƙirga da yatsa.
"Ɗaya ya fashe," in ji ta.
"Kawo. Mai ɗakin ya san hanyar da suka biyo."