Yawu a Kwalba

Na tofa yawu cikin 'yar kwalba,
na liƙe, na kai gidan waya a Liberdade,
wai za a gwada jini a gano tsatso.
Jurema, matata, har da riƙe ciki:
"Valdemiro, kuɗin haya ka tofar!"

Mako bakwai, sai ga sakamako.
Angola, kashi arba'in da ɗaya.
Gaɓar Benin, ashirin da shida.
Fotugal, goma sha tara.
Wannan na daɗe ina kallonsa,
na san ba ta ƙofar aure ya shigo mana ba.

An yanka ni kamar kankana,
kowace ƙasa da rabonta,
amma sunan da nake nema babu.
Kakar kakata, a takardar gadon mai gonar rake,
tana tsakanin tukunyar tagulla da alfadarai biyu:
"mace ɗaya, mai tabo a goshi."

Har zan rufe, sai ga wani suna can ƙasa:
Ivonete, a Cachoeira, dangi ta wajen uwa.
Zumunta a ƙafa take. Ran Lahadi na hau mota.
Ta buɗe ƙofa da wushiryar mahaifiyata,
har da karkatar kan nan.
Ta zuba kofi, ta ce,
"Mai tabo? Ai Eufrasia ce.
Ita ta dasa tsohon mangwaron can."

Na dawo Salvador da guda huɗu a leda.
Jurema ta sha biyu.
Ba ta ƙara zancen haya ba.