Tawadar Allah a Kuncin Rana

Talata, biyar ga Yuni, na tashi aiki da wuri.
Na ce wa shugabar ɗakin gwaji haƙorina ke ciwo.
Allah ya yafe mini.
Muka nufi bakin tafki a Muskegon, ni da Rakiya,
tana gutsurar ragowar burodin makaranta a kujerar baya,
tana tambaya ko rana za ta ji zafi in an taka ta.

Dattijo Delbert ya riga mu isa.
Shekara arba'in ya yi yana walda a tashar jiragen ruwa,
yanzu kofin shayi ma rawa yake a hannunsa,
amma madubin hangen nesa ya kafa shi daram,
ƙafa uku cikin yashi kamar murhu,
ya ɗaure masa baki da matatar haske mai ƙyallin azurfa.
Ya miƙa wa yarinyar baƙin gilashin walda, mafi duhun da yake da shi.
Ya ce kada ta kalli rana da ido tsirara,
ba ta san wasa ba.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna.
Ba shela, ba tambari.
Gefen faifan ne ya ɗan gutsure, kamar ɓera ya ɗanɗana,
sai ga ta ta shigo, baƙa wuluk,
ƙwayar gero guda a kan babban tire.

Zara ce fa!
Wadda kakata ke nuna mini da haɓa bayan magariba a Gusau,
fara sol, ta ce ga matar wata ta fito.
Yau ta tuɓe adonta kaf,
ta juya mana baya,
tana ratsa tsakar gidan wuta a hankali
kamar mai ɗauke da tulu cike fal.

Na manna wayata a idon madubin.
Ta farko, fari fat.
Ta biyu, babban yatsana.
Ta tara, wani tsuntsun ruwa ya gifta ya sace mini ita.
Gajimare ya zo ya zauna kusan rabin sa'a,
baƙon da ba a gayyata ba kuma bai iya sallama ba.
Na riƙe numfashi har kunnena ya yi ƙara,
a ta talatin da ɗaya ta tsaya mini:
tawadar Allah a kuncin rana.

Rakiya ta ce, gobe ma za ta zo?
Delbert ya ce sai bayan shekara ɗari da biyar.
Ta fara lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare,
ta ari nawa, su ma suka ƙare.
Ya yi dariya har da tari.
Sannan ya ce wancan karon, shekara takwas baya,
da sassafe suka gan ta, shi da Lorraine,
ita ta riƙe masa butar shayi, ita ta fara cewa ga ta can.
Bai ƙara komai ba.
Ya sunkuya yana gyara wani ƙusa da ba abin da ya same shi.

Na tura hoton Gusau, dare ya raba a can.
Yaya Mamuda bai yi barci ba, ya amsa nan take:
"Goge gilashin wayarka, akwai datti."

Rana ta yi ja, ta lotse, ta taɓa ruwa,
ɗigon yana jikinta, bai kai rabin hanya ba,
haka suka nutse tare, ba mu ga fitarsa ba.
Na shimfiɗa rigar sanyi a yashi na ta da sallah.
A bayana ina jin tsohon da yarinyar
suna gardamar wa zai ɗauki ƙafafun madubin zuwa mota.