Zuciyar da Ba Ta Zauna a Tsakiya Ba

A Dilimi, bayan layin masu tsofaffin boris,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina karɓar ruwa,
Baba Chollom ya shimfiɗa takardar siminti a kan benci,
ya lashi bakin fensir, ya zana da'ira.
Cikinta ya sake zana wata ƙarama,
sai dai ya karkatar da ita gefe guda.

Na ce, Baba, hannunka ya goce.
Ya ce, Tasalla, tsaya ki gani tukuna.

Babbar ita ce tukunya,
ƙaramar kuwa zuciya.
In ta zauna daram a kan cibiya
za ta yi ta juyi har gobe da safe
ba ta ɗaga ko cikin cokali ba.
Matsar da ita milimita huɗu,
ta kusa shafar bango ta sama,
ta bar wa ƙasa jinjirin wata.

A jikin zuciyar muka yanka tsaga shida,
kowace tsaga da harshenta.
In ta juya, sai harsuna su zaro kansu
su bi bango da lasa, kamar mage da ƙwaryar nono.
Tsakanin harshe da harshe ɗaki ne:
nan ya buɗe, ya zuƙo,
can ya tsuke, ya furzar.

Famfon na Hajiya Dudu ne, ta Gangare,
mai duro goma sha biyu na man gyaɗa,
wadda yaranta ke zuƙar tiyo da baki
har abinci ya daina yi musu ɗanɗano.

Mun gwada da kananzir, da rana tsaka.
Ya yi feshi har kan rufi, muka tafa.

Washegari da asuba
sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere,
mai ya yi barci a cikin duro.
Inji na ihu, bel na ƙauri,
harsuna sun lafe a tsagarsu, sun ƙi leƙowa,
bakin tiyo ƙayau.
Hajiya ba ta ce uffan ba.
Ta dai aika a ɗauko mata tsohon mazurarinta.

Na buɗe littafina, lissafi bai yi kuskure ba.
Baba ya ce, wanda ya rubuta shi
bai taɓa kwana a Jos ba.

Muka warware komai.
Muka sa babban fuli don juyin ya yi sanyi,
ba a tashin mai barci da tsawa.
Muka faɗaɗa ƙofar shiga.
Shida suka koma huɗu, ɗakuna suka yalwata.
Ƙarƙashin kowane harshe na dasa ɗan sifirin
da na ciro daga wani mataccen kafireta.
Rata kuwa, ita ta ci mana kwana uku:
in ta matse, harshe ya maƙale,
in ta saki, mai ya sulale ya koma inda ya fito.
Baba ya ce, kaurin gashin girarki ya isa,
ya goga, ya hura, ya sake gogawa.

Ran Laraba, kafin ladan ya sauke murya,
tiyo ya yi tari sau biyu,
sannan mai ya taho, rawaya, a hankali,
da ƙamshin ƙuli-ƙuli.
Hajiya ta cika mana kuɗinmu, ta ɗora galan guda.

A hanya na tambaye shi,
harshen da ke lasar ƙarfe kullum, ba zai cinye ba?
Ya ce, zai cinye mana.
Yana cinyewa yana ƙara fitowa,
bango ba zai san an ragu ba
sai ranar da tsaga ta rasa abin riƙewa.

Ya sauya galan zuwa ɗaya hannun,
wanda yatsunsa uku ne suka rage tun zamanin kuza,
ya ce, gobe ki zo da wuri,
ke za ki zana da'irar.