Hanyar Osh

Awa goma sha biyu ce daga Bishkek zuwa Osh
in mota ta yi biyayya.
Tamu ba ta yi ba.
Muna fitowa daga cikin Too-Ashuu,
dutsen da aka huda kamar sarewa,
ta yi tari, ta tsaya.

Baba Tologon bai ce uffan ba.
Shekara talatin ya ja gingimari a hanyar nan,
ya san kowace kwana
da sunan wanda ta ci.
Ya fito, ya ɗaga kai.

"Bermet, dama can haka suke?"

Haka suke, Baba.
Farar hula a ka, haƙarƙari ja kamar hanta,
tumaki can ƙasa kamar an ɓarar da shinkafa,
gajimare kwance ƙarƙashin ƙafarmu.

"Ni kwalta na sani," ya ce,
"da jar fitilar motar gaba."

Wata mata ta fito daga tantin ulu
da nonon goɗiya a kwano,
tsami har kunne.
Ɗanta ya leƙa injin:
zafi ne kawai, ku bari ya huce.

Muka bari.
Sanyi na cizon yatsuna,
bikin ƙanwata na jiranmu gobe.
Baba na zaune yana ƙirga ƙololuwa,
ya kai tara, ya ɓata,
ya koma farko.

Da injin ya huce na miƙa masa makulli.
Ya zagaya ɗaya ƙofar.
"Ke ja. Kada ki yi sauri."
Ya sauke gilashi.