Mai Gatari na Uku

A ɗakin Malami, can Mabera,
inda aka manna tsohuwar katifa a bango
don kada kukan janareta ya shiga na'ura,
aka ba ni muryar mai gatari na uku.

Ba shi da suna, mai zanen bai raɗa masa ba.
Ya dai ba shi ido ɗaya, haƙori ɗaya a waje,
da jar ɗamara irin ta sauran goma sha biyun
da ke tsaron ƙofar Sarkin Hayaƙi.
Maganarsa duk shirin guda ce:
"Kai yaro, mi kaka nema nan?"
Sai yaron ya tashi sama kamar shirwa,
ƙafa ɗaya, shuɗiyar walƙiya,
mai gatari ya bi iska, ya huda katanga,
ya bar ramin siffarsa a jikinta.

Sau tara na ce wayyo kafin Malami ya karɓa.
Ya ce, "Modi, wagga wayyo taka ta cika ban tausai.
Mugu na fa."

Mugu? Na tsayar da hoton na duba.
Takalminsa na hagu da igiya aka ɗaure.
Shekara huɗu na yi ina gadin sito a Kwannawa,
na san wannan tsayuwar:
nauyi kan ƙafa guda, ido kan hanya,
zuciya kan ƙarshen wata.
Ba wanda ya gaya masa yaron ya haɗiyi tsawa a kan dutse.
Shi dai an ce masa kada kowa ya wuce.

Dubu ɗaya da ɗari biyar aka ba ni.
Rabi ya tafi a kabu-kabu.

Da dare Kulu ta riƙe wayata da hannu biyu,
ta maido faɗuwar sau bakwai, tana dariya har da shaƙuwa.
"Baba, kai ne!"
Can ta yi shiru.
"To ina ya je bayan katangar?"

Na ce ya tashi ya kakkaɓe riga,
ya tsinci gatarinsa, ya sayi awara ta ɗari,
ya kai wa ɗiyarsa.
Ta ce ƙarya nake yi.

A kashi na sha huɗu sai ga shi a wata ƙofar,
ido ɗaya, takalmi da igiya.
Malami ya ce mai zanen ne ya yi ƙyuya.
Na matso da makirufo, na gyara murya.