Daren da Asibiti Ya Manta da Mu

Ruwa ya kwana uku yana zuba a Valdivia.
Kogi ya gaji da gadonsa, ya biyo matakala,
ya sauka ɗakin ƙasa inda uwar garke ke gurnani.
Ƙarfe ɗaya da kwata fitilunta suka lumshe.
Ba ƙara, ba hayaƙi,
sai shiru da warin laka.

A cikinta muke duka, mu dubu da ɗari biyu:
wane ne likita, wane ne mai shara,
wa ke da izinin buɗe kabad ɗin magani,
wa ƙofar tiyata ke ganewa.
Da asuba Dokta Ilse ta buga sunanta,
allo ya ce bai san ta ba.
Shekara ashirin tana karɓar haihuwa a benen nan.

Ni kuwa an daɗe ana yi mini dariya.
"Eliana, kullum kwafi, kullum kwafi,
kamar mai gadin gidan da ba kaya."
Kowace Juma'a nakan sa faifai a jakar goyo,
in hau bas zuwa Osorno, in kulle shi a akwatin ƙarfe.
Sau biyu a shekara in tashe shi a tsohuwar na'ura
in ji ko yana numfashi,
don tulun da ba a leƙa ba
ba a rantsuwa da ruwansa.

Faifan makon nan ya nutse tare da uwarsa,
hanya ta yanke, ban samu kai shi ba.
Na Osorno kwanansa goma sha ɗaya.
Direban motar asibiti ya zagayo da shi ta tudu,
a ƙunshe cikin leda, a ƙarƙashin rigarsa.

A ɗakin wanki na shimfiɗa aiki,
na'urar aro a kan teburin guga,
janareta na tari a waje.
Agogo na fara gyarawa,
don na'urorin da suka saɓa a kan lokaci
ba sa yarda da juna.
Sannan ƙashin baya: rassa, sassa, mukamai.
Sannan sunaye suka fara shigowa
kamar awaki da magariba,
kowa ya san turkensa.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.
A ƙarshen baranda wata ƙofa ta yi ƙit, ta buɗe,
wani ya yi ihu kamar an ci ƙwallo.

Sai na gan shi.
Evaristo Curiqueo, sashen magani, yana bakin aiki.
Ranar Asabar muka binne shi.
Ranar Litinin ni da hannuna na share sunansa.
Ga shi ya dawo da lambarsa, da izininsa,
da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani,
faifan bai ji labarin rasuwa ba.

A bayana kuma Maite na tsaye,
sabuwar nas, takalmanta sharkaf,
kwana tara tana juya marasa lafiya a ɗaki na huɗu.
Na nemi sunanta. Babu.
Mai rai a waje, mamaci a ciki.

Na rubuta ta harafi bayan harafi,
ta zaɓi kalmarta tana kare allo da tafin hannu,
ta ruga sama.

Shi kuwa na ɗora yatsa a maɓalli, na ɗauke.
Na dafa shayi. Na sha rabi.
Na bar shi ya ƙarasa aikin safe tare da mu,
shi da bai taɓa makara ba.
Ƙarfe biyu na rana na sallame shi karo na biyu.

Sannan na ɗauki sabon kwafi,
na tashe shi, na ji numfashinsa,
na naɗe shi a busasshen tawul.
An ce gobe za a buɗe hanya.
Bas ɗin Osorno ƙarfe bakwai yake tashi.